Shaidar da Na Kasa Yi wa Jirgin Kawu

Wata bakwai ke nan da rasuwar kawuna, yayan mahaifiyata, kuma wata bakwai ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Takarda ta farko na yage ta don na ga na yabe shi fiye da abin da na sani. Ta biyu na yage ta don na ga ban yabe shi yadda ya kamata ba. Ta uku na kai wa liman ya saurara ko akwai giba a ciki, ya ce babu, amma da na dawo gida sai na tuna ban karanta masa bayan shafin ba. Wannan ita ce ta huɗu. Ni tela ne, karatuna bai wuce elementare ba, kuma Allah ya yi ni da wasu-wasi. In na kulle shago sai na koma sau biyu na taɓa kwaɗon. To amma na ga damina ta sake kusantowa, kuma akwai wani mutum da nake nema wanda in na ƙara jira zai iya mutuwa ko ya manta. Shi ya sa na daure.

Ranar zaman makoki ƙofar gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi ta cika. An zo daga Tarauni, an zo daga Darmanawa da Babban Giji. Abin da na lura da shi shi ne, duk wanda ya shafa fatiha ya zauna, sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, sa'an nan ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Wani maƙwabci ya ce shekara ashirin iska ba ta taɓa ɗauke masa jinka ba, ba don ƙwazonsa ba, sai don marigayi ba ya barin mutum ya sha furarsa cikin kwanciyar hankali in bai ƙara ɗaurin ɗaki ba. Daga cikin gida aka ce wata tsohuwa ta yi wa Inna, wato matar kawu, ta'aziyya, ta ƙare da cewa yanzu kuma sai kowa ya riƙa duba shanyarsa da kansa.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne ƙanen Inna, mutumin Tarauni, mai jakai da ke ɗauko taki daga birni zuwa gonaki. Shekara talatin suna wasa da kawu irin wasan miji da ƙanen mata, kuma ba a taɓa ganin sun rabu ba tare da ɗaya ya ƙona wa ɗaya rai ba. Ya share hawaye da hannun riga, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta masa, har da labaran tekun nan." Mutane suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Sai da na shafa na gane abin da na yi. Ba a nema wa mutum gafarar labari sai in labarin ƙarya ne. Na zauna a ƙofar gidan kawuna, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, na sa baki an mai da shi maƙaryaci. Wannan amin ɗin ce ta hana ni sakat, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Ga waɗanda ba su san shi ba: kawu ya bar gida yana saurayi, ya bi fataken goro zuwa Ikko, aka yi shekara goma sha ɗaya ba a ji ɗuriyarsa ba. Da ya dawo ya ce kuku ya yi wa wani Bature mai ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Ya ce su biyu kaɗai suke shiga teku su yi kwana da kwanaki suna bin gaɓa, har ya zama girkin ma a tsaye yake yi da hannu ɗaya. Ƙyallen da iska ke turawa, shi zani yake ce masa, itacen da ake rataya shi kuwa jigo, kamar na masu lambu. Jirgin nasu jigo biyu gare shi. Na gaba, wanda ya ɗan fi tsawo, a kan hancin jirgin yake tsaye, na biyu kuma a baya, kowanne da zaninsa guda. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne ba a ɗaure su da igiyoyi ta gefe. A sake suke. In iska ta yi yawa sai kan jigon ya sunkuya ya zubar da ita. Yakan ce wanda aka ɗaure tamau shi ke karyewa.

Dole in faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Akwai wata guguwa da ya ce ta same su kwana uku a teku. Ina yaro raƙuman ruwan nan tsawonsu ya kai soron zaure. Da na yi aure sun kai ganuwar birni. A shekarunsa na ƙarshe suna neman kamo dutsen Dala. Wannan na ji da kunnena, ba zan ɓoye ba. Amma abin da suka yi wa jirgin a cikin guguwar bai taɓa canzawa ba ko da kalma ɗaya: tun hadari na nesa aka rage zani, da iska ta iso aka sauke na gaba gaba ɗaya, aka ja na baya tamau, jirgi ya juya hanci ya fuskanci iska ya zauna, su kuma suka shiga ciki suka jira. Ruwan ne ke girma, aikin bai taɓa girma ba. Ni tela ne, na san wanda ya taɓa riƙe almakashi daga yadda yake maganar yanka.

Matsalar ita ce kawu bai yarda ya bar teku a Ikko ba. Gidansa ya mai da jirgi. Ba a ajiye turmi sai an tokare shi. Tulu a rami yake zama, wai nauyi a ƙasa ake sa shi. Ƙwaryar ɗiban ruwa da igiya take a ɗaure. In gajimare ya leƙo daga gabas ko da kamar tafin hannu, sai ka ji muryarsa a tsakar gida yana cewa a rage. A sauke shanya, a naɗe tabarmi, a kwance zanar da ke tsaye, a kifa kwanuka. In ya gama da gidansa ya fita na maƙwabta. Shi kansa yakan naɗe hannun babbar rigarsa ya tattare ta a ƙugu, wai mutum mai babbar riga jirgi ne da ya baza zani duka. An taɓa ganin ya tsai da wani attajiri a hanyar Zariya ya roƙe shi, don Allah, ya rage riga.

Karin maganarsa guda ce, duk unguwa ta haddace: "Lokacin rage zani shi ne lokacin da ka fara tunanin ragewa. In ka tsaya shawara, iska za ta rage maka."

Ranar sunan ɗana na fari ya sa aka kwance rumfar baƙi saboda wani gajimare da shi kaɗai ya gani. Malamai suka zauna cikin rana tsaka har aka raba goro, ko ɗigo bai sauka ba. Ƙanen Inna ya yi ta fifita da hula yana tambayar Sarkin Jirgi, don haka yake kiransa, ko yanzu mun kusa gaɓa. Kawu bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce wanda ya rage zani hadari bai zo ba, zufa kawai ya yi asara. Wanda bai rage ba hadari ya zo, sai a tambayi magadansa.

Alherin da ya yi mini ba na tufa ba ne ba na abinci ba. Tun ina ƙarami ake yi mini dariyar tsoro. Mahaifiyata kanta takan ce ni ko ƙwai aka ba ni sai na tambayi kazar. Kawu kaɗai ne ya ɗauki halin nan nawa da daraja. Wata rana ya tsaya a shagona ya ga ina bin ɗinkin da na riga na gama ina ja da yatsa, abokan hira suna ta tsiya. Ya ce musu su yi shiru, ya ce da ya sami irina a teku da ya yi barci. "Teku ba ta son jarumi, Tela," in ji shi. "Matsoraci take bari ya tsufa." Ban taɓa jin an ambaci tsorona ba tare da dariya ba sai ran nan. Na koma gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Maganar jirgin kududdufi kuwa, ƙanen Inna ne ya tayar da ita. Damina huɗu ke nan da suka wuce, ana hira a ƙofar gida, kawu ya kai inda jirgi ke fuskantar iska ya zauna. Ƙanen Inna ya ce shi fa ya gaji. Ya ce shi da jakai yake aiki, kuma ko jaki, da taurin kansa, in iskar hadari ta taso baya yake juya mata. Ina wani katako marar rai zai ba iska fuska ya tsaya? Ya ce ga kududdufi nan tsakaninmu da Tarauni, inda ake haƙar ƙasar gini, in marka ta sauka yakan cika har mutum ya yi kira daga wannan gaɓa na waccan bai gane muryarsa ba. In Sarkin Jirgi gaskiya yake faɗa, ya nuna. Kawu ya dube shi ya ce to. Inna ta ce daga jin wannan "to" ɗin ta san ta shiga uku.

Wani kafinta Kirista, mutumin kudu da ke zaune a Sabon Gari, shi ya haɗa jikin jirgin da katakon akwatunan kanti, aka shafe shi da kwalta. Mun yi murna da aka ce garinsu a bakin ruwa yake, muka ce ga mai raba gardama. Da aka tambaye shi sai ya ce su a wajensu kwalekwale da filafili ake tuƙa shi, bai taɓa ganin an sa wa jirgi zani ba, amma tsohon nan ya san inda ruwa ke shiga katako, wannan kam ya sani. Ƙanen Inna ya ce ai duk mai ɗakin da ke yoyo ya san wannan.

Jigo biyu na gora ne. Zani kuwa tsohon tamfal ne irin na rufe dalar gyaɗa, kuma ni na ɗinka. Allurar keke uku na karya kafin na haƙura na koma basilla. Kawu ya sa na jera wasu ƙananan igiyoyi sahu biyu a jikin kowane zani, domin in za a rage sai a sassauto shi ƙasa, a naɗe gindinsa, a ɗaure da su. Kowace igiya sai da na ja ta da haƙori. Ina gamawa na warware sahu guda na sake, don na kasa tuna ko na tufke bakin zaren.

Saura nauyin da za a sa a gindin jirgi don kada ya kife. Kawu ya auna duwatsu da yawa bai sami wanda ya kwanta masa a rai ba sai dutsen niƙan Inna, wanda ta zo da shi ranar aurenta. Ya jira ta tafi barka ya sa aka ɗauke shi. Da ta dawo ta ga gurbi, ba ta ɗaga murya ba. Kwana uku tana ajiye masa ɗanyar dawa a akushi, ta rufe da faifai, ta durƙusa ta ce ga abinci. Shi kuma yakan buɗe, ya yi bisimilla, ya rufe, ya taho gidanmu. A rana ta huɗu ya rantse mata dutsen zai dawo a bushe. Ta ce ita ba ruwanta da bushewarsa, shi dai ya dawo, dutsen take nufi.

Aka sa rana a ƙarshen damina, bayan azahar. Aka shirya ƙanen Inna zai tsaya a gaɓa ya zama shaida, don ya ce shi bai yi wa ruwa laifin komai ba da zai je ya same shi har gida. Da aka ce wa zai shiga da kawu, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Kawu ya ce ai ya riga ya zaɓa, Tela ne. Na so in ce a'a, amma mutumin da ya ce da ya same ni a teku da ya yi barci, da wane baki zan ce masa ina tsoron kududdufi?

Da farko babu iska ko ta kaɗa gashin kaza. Kawu ya tura mu da gora zuwa tsakiya muka tsaya cik, zani biyu a rataye kamar shanya. Jama'a sun cika gaɓa. Ƙanen Inna ya ɗaure jakansa a gefe yana ta kira, wai in mun isa Makka mu gaishe su. Can sai na ga kawu ya daina kula su, ya zuba wa gabas ido, fuskarsa ta washe kamar wanda ya hango baƙon da ya daɗe yana jira. Na waiga. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa.

Na ce, "Kawu, mu koma."

Ya ce, "Ina? Ai yanzu aikin ya zo."

Ya sassauto zanin gaba ya naɗe gindinsa ya ɗaɗɗaure, ya yi wa na baya haka, a hankali, kamar mai naɗe tabarmar salla. Mutanen gaɓa suka fashe da dariya, wai babu iska ma yana naɗe kaya. Ya zaunar da ni a ƙasan jirgi kusa da dutsen niƙa. Sai na ji wani sanyi a wuya, ruwan ya yi duhu ya tattare, na ga tsamiyar da ke gaɓar Tarauni ta sunkuya. A gindinta akwai wani mutum tsaye riƙe da keke, da farar hula. Shi ne abu na ƙarshe da na gani, domin iskar na bugun jirgin ya kwanta gefe guda, na rufe ido.

Ban sake buɗe su ba sai da komai ya wuce. Wannan shi ne laifina, na rubuta shi a fili.

Ashe a gaɓa ma ba a tsaya ba. Jama'a sun watse da gudu. Jakan ƙanen Inna sun tsinke igiya sun nufi Darmanawa, shi kuma ya bi su. Shaidar da aka naɗa ya ƙare kallonsa a bayan jaki.

Da aka ɗauke ruwa na ji jirgin ya gogi ciyawa. Na buɗe ido na ga mun iso gaɓar Gyaɗi-Gyaɗi, babu kowa sai kwaɗi. Kawu yana zaune yana matse hula. Ya duba zanin baya sahu-sahu, ya ce, "Ɗinkinka ya riƙe."

Kashegari bayan la'asar aka taru a ƙofar gida. Ƙanen Inna, da ƙaya a ƙafa, ya ce shi ya san yadda aka yi: muna ganin hadari muka tura jirgi cikin ciyawa muka laɓe, da aka ɗauke muka fito muna matse hula. Kawu bai yi fushi ba. Ya ce ba sai an yi gardama ba, ga Tela nan, kowa ya san mutumin da ke bin mai ɗinki har gida ya mayar masa da ragowar zare ba zai yi ƙarya ba. Kowa ya ce haka ne. Aka juyo gare ni.

Ƙanen Inna ya ce, "Tsakaninka da Allah, ɗan nan. Jirgin ya juya ya fuskanci iska ya tsaya? Da idonka ka gani?"

Da ya tsaya a tambayar farko da na amsa. Amma ya ce da idona. Na ce, "Gaskiya, da idona ban gani ba."

Ina da sauran magana, wallahi ina da ita, amma dariya ta haɗiye ta. Har da masu faɗuwa daga kan tabarma. Ni kuma sai shakka ta kama ni: shin abin da mutum ya ji bai gani ba, ya halatta ya kira shi shaida? Na ce bari in tambayi liman tukuna. Na yi sati uku ina tsara yadda zan yi tambayar. Da na yi, ya ce ko makaho ana karɓar shaidarsa a kan abin da ya ji. Na ce to wanda ya makantar da kansa da gangan fa? Ya dube ni, ya ce in tashi in tafi shago. Kafin nan kuwa labari ya riga ya daskare: Sarkin Jirgi ya laɓe a ciyawa, ɗan ƙanwarsa ma ya ƙi rufa masa asiri.

Ranar taron nan kawu ya tashi ya kakkaɓe riga ya shiga gida. Bai daina amsa gaisuwata ba, amma da salla ta zo sai ya ɗauki yadinsa ya wuce ta gaban shagona, a hankali, don in gani, ya kai wa wani tela a birni. Ban taɓa shan duka mai zafin wannan ba. Bayan salla da kwana biyu ya shigo ya ajiye rigar a kan kekena, wuyan ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ya ce, "Warware." Shi ke nan sulhunmu. Dutsen niƙa ya koma gurbinsa, jirgin kuma yana bayan gida, akuyoyin Inna na cin harawa a ciki. Bai daina cewa a rage ba in ya ga hadari, amma daga ranar bai sake ba da labarin guguwar kwana uku ba. Raƙuman ruwan nan da suka kusa kamo Dala, a nan suka tsaya. Ni na tsai da su.

Cikin ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi da rana, na tarar hadari na haɗowa, shi kuma yana kwance ba ya iya tashi. Na ga idonsa na kan ƙofa. Ban jira ya faɗa ba, na fita na sauke shanya, na naɗe tabarmi, na kifa kwanuka, na tokare turmi. Da na dawo na durƙusa na fara cewa, Kawu, game da ranar nan. Ya ɗaga hannu ya tsai da ni, ya tambaya ko na duba ɗaurin ƙwarya. Na ce na duba sau biyu. Ya ce to madalla. Ban sake samun zarafi ba.

To ga shaidar da ya kamata in bayar a ƙofar gida, na kawo ta a makare.

Na shaida idona a rufe na ji zanin gaba ya faɗo, don a bayana ya faɗo. Na shaida kawu ya danƙa mini igiya a hannun dama ya ce, "Ja, Tela, har sai na ce ya isa," na ja, ya ce ya isa. Na shaida iskar da ke dukan kunnena na hagu ta zagayo ta koma dukan goshina, kuma ta zauna a nan. Na shaida jirgin da ke kwance a gefe ya miƙe, ya daina birgima, ya koma gyaɗa kai sannu-sannu kamar jaki mai tafiya gida. Ya sa mini ƙwarya a hannun hagu na yi ta kwashe ruwa, kuma ruwan sama ne, ba na kududdufi ba, don ta ka yake zuwa. Na shaida ban ji ciyawa ta taɓa jirgin ba sai a ƙarshe. Na shaida a tsakiyar tsawa na ji kawu yana ɓara goro.

Kuma na shaida ya ce mini, da murya irin ta hira, "Buɗe ido ka gani, ɗana. Ya zauna."

Na ce, "Kawu, na yarda."

Ya ce, "Ban ce ka yarda ba. Cewa na yi ka gani."

Shekara talatin yana neman mutum ɗaya a ƙasar Kano da zai ga abin nan, ya zaɓe ni, ya kai ni har tsakiyar ruwa, na ƙi dubawa. Allah ya jiƙan kawu, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa. Wannan amin ɗin na san abin da na ce wa ita.

Na karanta wa ƙanen Inna shaidar nan kafin in aiko ta jarida. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido, ya ce duk ya ji, amma kunne kunne ne. Na lura dai bai yi dariya ba, kuma da zan tafi ya tambaye ni, wai a wane kunnen na ce iskar ta fara.

Saboda haka ina roƙon masu karatu abu biyu. Na farko, in akwai wanda ya taɓa aiki a teku cikin jirgin iska mai jigo biyu, na gaba a kan hanci, ko tsohon soja, ko alhajin da ya ƙetare Bahar Maliya, ya rubuto ya gaya mini ko haka ake yi in iska ta fi ƙarfi: a rage tun da wuri, a sauke na gaba, a ja na baya, jirgi ya ba iska fuska ya zauna. In haka ne, zan kai takardar can Tarauni in karanta a gaban jama'a da jakai. In ba haka ba ne, a rubuto duk da haka, zan karanta ita ma, sai dai a ba ni kwana biyu in shirya.

Na biyu, mutumin nan mai keke da farar hula, wanda ya fake a gindin tsamiyar gaɓar Tarauni a ƙarshen damina, shekara huɗu da suka wuce, ranar da aka sa jirgi a kududdufi. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Duk wanda ya san shi ya gaya masa ana nemansa a Gyaɗi-Gyaɗi, ya tambayi shagon telan da ke komawa ya taɓa kwaɗo, kowa zai nuna masa. In ya ga jirgin ya juya ya tsaya, ya zo ya faɗa, zan ɗinka masa riga da hannuna. In kuwa shi ma rufe ido ya yi, ya zo duk da haka, mu zama mu biyu.